Ɗaukar Amarya A Naki-Est Da Motar Da Aka Durƙusar

A wannan wata shafinmu na Hausa zai ɗan ajiye zancen kasuwa da na makarantun allo, ya hau mota. A ƙarshen damanar 2024, cikin watan Oktoba, mun yi wata tafiya daga Sokode zuwa Naki-Est, can gabas da Dapaong, domin ɗauko amaryar ɗan ƙanwarmu. Tun daga lokacin har yau mutane ba su daina tare mu a zango ba, wasu da dariya wasu da jaje, kowa yana son ya ji abin da ya sami motar ango. To maimakon mu yi ta maimaitawa a ƙofar masallaci, mun ga ya fi kyau mu rubuta sau ɗaya, tare da iznin mai motar, wanda ya ce in dai ba za a faɗi sunansa ba, a rubuta.

Motar dai irin ƙananan jif ɗin nan ce na zamani, waɗanda ba su kai jif ta gaske ba, kuma sun fi ƙaramar mota. Ginin jikinsu na ƙaramar mota ne, sai dai an ɗaga su daga ƙasa an ba su tayoyi masu kauri. Tun da kamfanin Toyota ya fito da RAV4 a 1994 irinsu suka fara yawa, yau kuwa kusan kowane kamfani yana da tasa. Duk wanda ya taɓa shiga filayen sayar da motoci na kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, inda 'yan'uwanmu na Nijar da Burkina da Mali suke zuwa saye, ya san sun fi ƙananan motoci tsada. Abin da mutum yake ƙara wa kuɗi kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, wadda takan kai kimanin santimita 20, wato taƙi guda na babban mutum, alhali ta ƙaramar mota ba ta cika wuce 14 ko 15 ba.

Yaron nan namu mai sayar da wayoyi ne a babbar kasuwar Sokode, kuma ba mu taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Shekara huɗu yana tari kafin ya sayi motar. Ana saura wata guda biki sai ya tafi da ita Lome, ya kwana uku, ya dawo. Da muka fito muka gan ta a ƙofar gida sai muka ɗauka taya ce ta sace. Ashe wani gareji ya kai ta aka yanke mata sifirin na ƙafafu huɗu, ta sauka da santimita 5, kimanin faɗin yatsu uku ke nan, aka kuma cire wilinta na asali aka sa wasu manya masu ƙyalli, da taya siririya kamar an naɗa musu igiya.

Muka ce, "Kai ɗan nan, me ya sami motarka?"

Ya ce, "Kawu, ai yanzu ne ta zauna. Da can tsaye take kamar zalɓe."

Muka ce, "To kai da ka san jaki kake so, me ya kai ka sayen raƙumi, ka zo kana yanke masa ƙafa?"

Ya yi dariya, ya ce mu tsofaffi ba mu san zamani ba. Hujjarsa biyu ce. Ta farko kyau, kuma a nan ba mu yi masa gardama ba, domin kuwa motar ta yi kyau, ta yi lamɓas a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Ta biyu, ya ce mota in ta yi ƙasa ta fi riƙe hanya a kwana. Wannan ce muka ce sai mun gani.

Mun tashi bayan sallar asuba, mu biyar: ango a sitiyari, mu a gefensa, gwaggonninsa biyu da abokinsa a baya, ga akwatuna da ƙwaryar goro da buhun shinkafa a but. Sauran 'yan rakiya sun riga mu tafiya a bas tun jiya. Muka ɗauki babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Lome ta nufi Cinkasse a bakin iyakar Burkina. Daga Sokode zuwa Dapaong kusan kilomita 300 ne.

Gaskiya ɗaya ce, kuma dole mu faɗe ta: a hawan duwatsun Aledjo, inda hanya take murɗewa kamar maciji kafin a gangara Bafilo, motar nan ta ba mu mamaki. Mun sha bin wurin a motocin haya, kowace kwana sai ka ji an watsa ka jikin ƙofa, har mata su fara salati. Wannan karo kuwa sai ta riƙa shan kwana a zaune, ba ta karkata ba. Haka kuma ta yi a duwatsun Defale bayan an wuce Niamtougou. Ango ya dube mu ya ce, "Kawu, yaya?" Muka ce masa ya dubi hanya.

Dalilin abin ba boyayye ba ne. Kowace mota tana da inda nauyinta ya taru, kuma gwargwadon nisan wurin nan daga ƙasa, gwargwadon yadda za ta karkata idan aka sha kwana, nauyi ya koma kan tayoyin gefe ɗaya. Shi ya sa babbar mota da aka yi wa lodin auduga har sama take kifewa a inda ƙaramar mota za ta wuce lafiya, kuma shi ya sa aka yi wa manyan motoci hanyoyin kewaye a Aledjo da Defale, bayan shekaru ana kwasar gawa da kaya a ramukan wurin. Masu ƙera motoci ma sun san da haka. A 1997 wasu 'yan jarida a ƙasar Suwidin sun gwada wata sabuwar ƙaramar Mercedes mai tsawo, suka kauce da ita da sauri kamar wanda dabba ta fito masa a hanya, sai ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsawo, ya ƙarfafa ƙafafunta, ya kuma sa mata na'urar da ke taka wa kowace taya birki ita kaɗai idan mota za ta ƙwace. Ashe dai maganar yaron tana da tushe. Sai dai su da awo da lissafi suka yi nasu, shi kuwa da injin yankan ƙarfe aka yi masa.

Murnar ba ta daɗe ba. Duk garin da hanyar nan ta ratsa akwai tudun rage gudu, wanda masu Faransanci suke kira gadon bayan jaki, kuma wasunsu jakin ƙosasshe ne. Kowanne sai an tsaya cak, an karkace mota, an haura da taya ɗaya-ɗaya, ga direbobin tirela a bayanmu suna ta oda suna zagi. A wani gari kafin Kante sai da mutum uku suka sauka suka taka da ƙafa, duk da haka muka ji salansa ta gurji siminti. Ɗaya daga cikin gwaggonnin ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin motar da ake sauka a lallashe ta ba.

Mun yi azahar a Mango, a gefen kogin Oti. Ba ma wuce garin nan ba tare da mun tuna cewa cikakken sunansa Sansanne-Mango ne ba, kuma kowane Bahaushe ya ji kalmar sansani a ciki. Ta nan ɗaya daga cikin hanyoyin fatake ta bi, daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a Gwanja, a kai kanwa da tufafi a komo da goro, ɗayar kuma ta biyo ta Jugu ta ratsa ƙasar Kotokoli, ita ce ma ta zaunar da kakannin da yawa daga cikinmu a Sokode. Su da jakuna suka yi tasu tafiyar, kuma ba mu ji labarin wanda ya rage wa jakinsa ƙafa don ado ba. Daga nan ba mu tsaya ba sai Dapaong, mun shiga bayan la'asar, bas ɗin da ta taso bayanmu ta riga mu isa.

Mai masaukinmu a zangon Dapaong, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya zagaya motar da fitila bayan isha'i bai ce komai ba. Da za mu kwanta sai ya ce, "Malam, abu ɗaya zan roƙe ku. Kome kuke ciki gobe, magariba ta same ku a nan." Ba mu tambaye shi dalili ba don mun sani. Tun harin farko da aka kai Sanloaga a watan Nuwamba na 2021, da wanda ya biyo a Kpekpakandi a watan Mayu na 2022 inda sojoji takwas suka rasu, da dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar Savanes a watan Yuni na wannan shekara, mutanen gabashin Dapaong sun koyi gama harkarsu da rana.

Naki-Est ba ta da nisa daga Dapaong, a kan hanyar da ta nufi Mandouri take, kuma ita ce hedkwatar gundumar Kpendjal-Ouest. Ƙasar Gurmawa da Moba ce, ga Fulani da shanunsu, ga 'yan'uwanmu Hausawa 'yan kaɗan, mahauta da dillalan dabbobi da masu tireda. Wanda ya saba da duhun itatuwan Sokode, in ya zo nan sai ya ji kamar an buɗe masa taga. Fili ne shimfiɗe har iyakar ganinka, jar ƙasa, kuka da kaɗanya da ɗorawa tsaye ɗai-ɗai a cikin gonaki. Dawa ta yi kai, an fara yankan gero, auduga ta soma fashewa fari fat. Gidajen manoma zagayayyun ɗakuna ne masu jinka da aka haɗe da katanga, kowane gida a tsakiyar gonarsa, ga zabi garke-garke suna tsallaka hanya ba su kula kowa. Wanda ya taɓa zuwa ƙauyukan Katsina ko na Maraɗi da kaka zai ce gida ya zo. A shingayen sojoji mun sauka mun nuna katin shaida, aka duba but, aka yi mana fatan alheri. Wani matashin soja ya daɗe yana kallon wilin nan, ango kuwa har da gyara hula.

An ɗaura aure da hantsi a ƙofar gidan uban amarya, wani Alhaji dillalin shanu, aka raba goro da dabino, aka ci tuwo da naman zabo wanda har yanzu muna santinsa. Sai aka ce amarya ba ta cikin gari. Tana gidan gona wajen kakarta, tsohuwar da ta rene ta, wadda ta rantse ba za a tafi da yarinyar ba sai daga ɗakinta. Tafiyar 'yan kilomitoci ce a hanyar ƙauye.

Alhaji ya dubi motar, ya dube mu, ya ce, "Malam, wannan ba za ta shiga ba. Ga akori-kurar maƙwabcina nan, a je da ita."

Muka juya ga ango. Ya sunkuyar da kai don kunyar suruki, amma ya matso ya raɗa mana, "Kawu, don wannan ranar fa na yi gyaran nan. A motar awaki za a ɗauko ta?" A nan ne muka yi namu kuskuren, don da mun tsawata masa da ya bi. Tausayinsa ya kama mu, muka ce Alhaji ya bari a gwada. Al'ada ba ta so ango ya je ɗaukar amarya da kansa ba, amma ya ƙi ba kowa makulli, aka ce to shi direba ne yau.

Farkon hanyar burji ne mai gargada, irin wanda ya yi tudu-tudu kamar kwanon rufi. Nan take motar da ta yi mana sarauta a Aledjo ta zama wata aba dabam. Haƙoranmu suka riƙa haɗuwa, kuma ko da yake ba gudu muke ba, a wata 'yar kwana sai muka ji bayanta ya zame gefe, sai da yaron ya yi kokawa da sitiyari. Daga baya ne aka yi mana bayanin dalili. Aikin sifirin shi ne ya ba taya damar hawa da sauka tana bin ƙasa, aikin shakazoba kuma, wadda makanikan nan suke kira amotisa, shi ne ta hana sifirin yin ta tsalle. In an yanke sifirin sai ya ƙara tauri, tazarar motsinsa ta ragu, ita kuma shakazoba an ƙera ta ne don dogon sifirin, sai ta kasa riƙe shi. A kwalta mai santsi ba za ka gane ba. A gargada kuwa taya sai ta riƙa tashi sama, kuma tayar da ke iska ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki.

Bayan burjin sai hanyar amalanke da kekuna masu ƙafa uku: rami biyu da tayoyi suka haƙa da damina, ga tudu a tsakiya ciyawa ta rufe shi. Yaron ya yi dabara, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun ɗaya a gefen gona, muka lallaɓa har muka isa. Yara suka kewaye mota suna ihu, mata suka yi guɗa, aka fito da amarya a lulluɓe, tsohuwa ta yi mata nasiha ta sa albarka. Mun ga fuskar ango a lokacin, kuma ba za mu ce kuɗinsa sun tafi a banza ɗungum ba.

Sai dai da za mu komo nauyi ya ƙaru. Ga amarya da ƙawarta, ga tukwane da buhun gero da tsohuwa ta ce sai an tafi da su. Motar da ta shigo da ƙyar ta ƙara yin ƙasa. Mun yi kamar rabin hanya, a gangaren wani ɗan kwazazzabo, sai ƙafar dama ta zame ta faɗa ramin, muka ji ƙara daga ƙarƙashinmu kamar an buga guduma a tukunya. Jar fitila ta kama a gaban direba. Abu ɗaya da za mu yaba wa yaron, nan take ya kashe inji. Da ya ƙara tafiyar minti kaɗan da injin ya tafi gaba ɗaya. Muka sauka muka leƙa, ga baƙin mai yana tsiyaya a jar ƙasa. Wani dutsen marmara da ke ɓoye a ciyawa ya fasa tukunyar man da ke ƙasan inji. Mun auna abin da ido, dutsen bai fi yatsu biyu da ya kama ta ba.

La'asar ta riga ta wuce. Waya tana kamawa tana saki. Ba gida kusa, sai dawa ta kewaye mu ta fi mu tsawo. Maganar mai masaukinmu ta dawo mana, kuma mun tabbata ta dawo wa kowa, don babu wanda ya sake yin wasa. Amarya da ta fito da kukan al'ada sai ta koma na gaske. Mu kuwa abin da ke ranmu shi ne, 'yar mutane ce aka damƙa mana amana ɗazu-ɗazun nan, ga mu mun tsayar da ita a daji saboda ado.

Allah Ya kawo wani manomi Bagurme yana komawa gida da shanun huɗarsa. Ba ya jin Hausa sosai, mu ba ma jin Gurmanci, amma bai nemi bayani ba. Ya ɗaura igiya, shanu biyu suka fid da motar daga ramin suka ja ta zuwa inda hanya ta yi faɗi. Abokin ango ya hau wani tudu ya sami Alhaji a waya. Ba a jima ba sai ga akori-kurar nan da aka raina tana tafe tana ƙura, tsohuwar Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara fitarwa a 1968 aka kuma daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, fentinta ya ƙone, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Mai ita ya ƙara mata ganyen sifirin a baya saboda lodi, har ta ɗaga gindi kamar zakara. Ta bi ta kan dutsen da ya kashe mu ko gezau. A gabanta amarya ta zauna, mu da gwaggonni muka hau baya inda awaki suka bar mana shaidarsu, aka ɗaure motar ango a gindinta har ƙofar gidan Alhaji. Ba mu ko sauka ba muka wuce. Ana kiran magariba muna shiga Dapaong.

Kashegari aka jawo motar zuwa wani gareji a Dapaong. Ubangidan garejin, dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran motocin daji, ya sa aka ɗaga ta ya kira ango. Ya nuna masa tukunyar da ta tsage. Ya nuna masa shakazoba biyu da suka fara zubar da mai, da robobin da ke tare ƙafa idan ta kai maƙura, sun murƙushe. Ya sa shi ya shafa tayoyin gaba ta ciki, ga su sun fara cinyewa alhali wajensu sabo ne, domin in mota ta sauka tayoyinta sukan kwanta ciki, kuma ba a daidaita su ba bayan yankan. Ɗaya tayar ma ta yi ƙulu a gefe, don siririyar taya ba ta da naman da za ta sha duka. Ya ce in mutum ya nace sai ya sauke mota, akwai sifirin da aka ƙera don haka, da shakazobar da ta dace da shi, a sauke santimita 2 ko 3, a daidaita ƙafafu, a kuma san cewa fitilun gaba ma sai an sake saita su. Sa'an nan ya ce, "Amma ni a nan, ɗana, kullum ɗagawa ake kawo mini. Kai ne na farko da ka zo da akasin haka."

Ba mu ga laifin samari don sun so ado ba. Mu ma a zamaninmu mun cika kekuna da madubai da gashin jimina har ba a ganin hanya. Wannan salo na durƙusar da mota kuwa daga Amurka ya yaɗu, wajen 'yan asalin Meziko na birnin Los Anjalas, bayan yaƙin duniya na biyu. Su a hankali suke tuƙa nasu don a kalla, kuma da jihar Kalifoniya ta hana abin da doka a 1958, hanin da ba a ɗage ba sai a farkon 2024, sai suka sa wa motocin famfon da ke ɗaga su ya sauke su yadda aka ga dama. Wato masu abin ma sun bar wa kansu hanyar tashi. Wanda duk zirga-zirgarsa ba ta wuce manyan titunan Lome ba yana iya yi, ko da yake shi ma ruwan watan Yuni yana jiransa a unguwa. Amma mu Hausawan ƙasar nan, wa ke da dangi a gari ɗaya? Yau suna a Tchamba, gobe jana'iza a Gando, jibi a ce mahaifiyar wani ba lafiya a wani ƙauye da ko sunansa babu a taswira, kuma duk wanda ya sayi mota a zango ya san ba tasa ba ce shi kaɗai.

Motar ta kwana tara a Dapaong kafin sifirin na asali su iso daga Lome a bas. Kuɗin gyaran ya haura abin da aka kashe a walima, kuma Alhaji ne ya aiko da rabi ba tare da an roƙe shi ba, abin da ya fi fashewar tukunyar yi wa ango ciwo. Amarya dai a bas ta shiga Sokode. Wilin nan masu ƙyalli ya ƙi sayar da su, suna nan jingine a bayan ƙofar shagonsa, ya ce na ranar Sallah ne. Da azumin 2025 tsohuwar nan ta gidan gona ta kwanta ciwo, aka bugo waya da dare, kuma da motar aka je aka kawo ta asibiti a Dapaong, ta sami sauƙi. Mun tambaye shi ko ya ga dutsen. Ya ce ya gan shi, yana nan inda yake.